Sunan Baba Kimba

An kafa injin buga bulo a bayan gidana. Ana sallame sallar asuba yake fara kaɗawa, gir-gir-gir, har kofin shayina yana rawa a kan tabarma, kuma ba ya yin shiru sai mai ya ƙare. Samari uku ne a kansa, kowa da waya a kunne, ba mai ce wa wani sannu. Siminti ya shiga, bulo ya fito, mota ta kwashe. Jikokina sun ce in kai ƙara wurin mai unguwa, na ce a'a, ku ƙyale su, abincinsu suke nema. Ba ƙarar ce ke damuna ba. Ni dai na san lokacin da aikin gini yake da wata murya daban, kuma na duba hagu na duba dama, na ga a garin nan saura ni kaɗai na taɓa jin ta.

Muryar ƙafafu ce a cikin laka. Maza goma sha biyu a ramin kwaɓi, an naɗe wanduna har cinya, ana tattaka ƙasa da ƙaiƙayin shinkafa, caɓ, caɓ, caɓ, wani ya ɗaga waƙa da Dendanci, yaren Dendawan bakin gulbi, sauran su amsa masa da Hausa, ba wanda ya damu ko baitin ya dace. Mata na isowa da tuluna, suna juye ruwa suna zolayar duk wanda suka ga ƙafarsa ta yi sanyi. Can gefe masu akwatin katako suna cika shi da laka, su shafe da tafin hannu, su ɗaga a hankali, tubali ya zauna a ƙasa yana sheƙi. Da azahar Gwaggo Hajo, matar da ke dafa mana abinci, ta ɓullo da akushin tuwon shinkafa da miyar busasshen kifi, a zauna gindin tsamiya a sa hannu wuri ɗaya, ana ci ana tsiya. Yau in ka ce wa saurayi ya shiga laka da ƙafa, tambayarka zai yi ko lafiyarka ƙalau. Ban ga laifinsa ba. Ni kaina a farkon aikina ban yarda laka ta taɓa ni ba, daga bakin rami nake tsayawa ina nuni da sanda.

Shekarar da Turawa suka miƙa mana mulki ke nan. An raba wa 'yan makaranta 'yan tutoci, an yanka shanu, an yi kiɗa har makaɗa suka gaji. Danginmu na ƙetaren iyaka, wajen da muke kira Faransa a lokacin, Binin ta yau, suna ta yi mana tsiya wai su sun riga mu samun nasu da 'yan makonni. Mu 'yan boko kuwa kanmu ya kumbura, wallahi ba kaɗan ba. Kowa na cewa ƙasa ta dawo hannunmu, mu kuma muka ɗauka hannunmu ake nufi, mu masu alƙalami a aljihun gaba. Ban daɗe da gama makaranta a Birnin Kebbi ba, ina rubuta sunayen lebura a wani ɗan ofishin ayyuka a Bagudo, sai Foman, shugaban ma'aikatan ofishin, ya kira ni. Mista Daniyel sunansa, Kirista ne mutumin kudu, ya daɗe a ƙasarmu har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Ya ce za a gina ɗakin shan magani a wani ƙauye na bakin gulbin Kwara wajen iyaka, na farko a duk wannan ɓangare. Kwanon rufi ya riga ya iso yana sito, saura bango, kuma dole ya tashi kafin damina. Ya ce ni ne hedman, wato shugaban lebura. Gemuna bai gama fitowa ba. Ranar na sayi doguwar safa da usur.

A cikin mutanen da aka ba ni akwai Baba Kimba, shi ne babban mai buga tubali. Badende ne, gajere, baƙi siɗik, kansa fari fat. Da ƙuruciyarsa tuƙin jirgin ruwa yake yi a Kwara, har kafaɗarsa ta dama ta gaza, sannan ya hau tudu ya kama aikin gini. Ba shi da gona ta kirki, ba shi da sarauta, rigarsa biyu. Amma ya san gulbin nan kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta, kuma da wannan aka san shi tun daga ƙauyen har can Gaya ta ƙasar Nijar. Ba mai yawan magana ba ne. In ya ga aikinka ya karkace ba zai ce komai ba, sai ya zo kusa da kai ya buga nasa sau biyu a hankali, ya koma wurinsa.

Da muka isa na zaga na duba wuri. A gabas da ƙauyen akwai wani kwari shimfiɗaɗɗe, ƙasarsa mai yauƙi, ga ɗan tafki a gefe, ga fili na shanya tubali iya ganinka. In ba can ba sai tudun kuka, inda ƙasar ke da tsakuwa, kuma mata za su yi ta hawa da ruwa tun safe har wuyansu ya ƙage. Ko makaho ya san wanda ya fi sauƙi. Na busa usur na ce a kwarin za mu buga. Kowa ya ɗauki digarsa, ban da Baba Kimba.

Ya ce, "Hedman, kada mu buga nan."

Na ce, "Don me, Baba?"

"Baƙin ruwa na tahe. Bana shina da yawa."

To, ni ɗan tudu ne, daga garinmu zuwa gulbi tafiyar yini ce cur. Amma kada a ce ban san baƙin ruwa ba, na san shi, har a littafi na karanta shi. Kwara sau biyu take cika. Akwai ruwan damina, ja, mai laka. Sannan a tsakiyar ɗari, ba hadari ba tsawa, wani ruwan ya iso daga ƙasashe masu nisa inda aka yi shi tun watanni, garau, mai duhu-duhu. Sai dai kwarin nan yana da nisa da gaɓa, kuma tsakaninsu akwai jigawa doguwa mai giginyu. Na ɗaga kai na dubi sama, tas. Na dubi ƙasa, ta tsattsage don bushewa. Na nuna masa jigawar da sandata na ce ta yaya ruwa zai hau wannan.

Ya ce, "Ba ta gaba za shi zo ba, ta baya za shi zagayo. Akwai tsohuwar hanyatai bayan giginyun can. Shekara bakwai, takwas, shi kan tuna da ita."

"Wa ya gaya maka bana zai tuna?"

"Masu jirgin da sunka gangaro daga Gaya. Kuma ka tahi bakin gulbi ka dubi ciyawar da ruwa ka kawowa, da saiwarta take zuwa."

Abin da na ce masa, yau shekara sittin da ɗoriya, in na tuna sai na ji kunnena ya yi zafi. A gaban kowa, har da matan da ke riƙe da tuluna, na ce, "Baba, zamanin duban ciyawa ya wuce. Yanzu ƙasa tana hannun masu awo." Mutum biyu uku suka yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa shugaba ko maganarsa ba ta ba da dariya ba. Baba Kimba ya dube ni, ya ce, "To, Allah shi ba mu sa'a." Ya saɓa akwatinsa, shi ya fara gangarawa kwarin.

Aiki kuwa ya yi kyau, kai, ya yi kyau har ya ruɗe ni. Mako shida muna bugawa. Tubali ya bushe, aka jera shi tuli-tuli a sahu, in ka tsaya a kan jigawa ka hango sai ka ce wani gari ne sabo. Mutanen ƙauye suna zuwa gayya ranar da ba su da aiki, don su ma sun gaji da ɗaukar mai naƙuda ko wanda maciji ya sara a kan jaki har Bagudo. Ina yawo a tsakanin sahu da hannuwa a baya. Leburan suna ce mini Ɗan Safa, ina yi kamar na ji haushi, amma a raina daɗi nake ji, don ba a yi wa wanda aka ƙi irin wannan suna. Ranar wata Laraba Baba Kimba ya same ni ni kaɗai, ya ce ruwa ya taɓa gindin giginyar farko, ko waɗanda suka bushe ne a fara kwashewa zuwa tudu. Na ce a bari sai bayan Asabar. Ranar Asabar Foman zai zo duba aiki, ni kuma so nake ya gan su a jere wuri ɗaya, ya jinjina kai. Ba wani dalili ba ne da ni, wannan ne kawai.

Juma'a ba a aiki. Na hau kekena na tafi Bagudo masallaci, na kwana can, da hantsin Asabar muka taho tare da Foman ina ta ba shi labarin abin da zai gani. Muna hawa jigawa na ji shiru, irin shirun da ban saba da shi a wurin ba. Da muka leƙa, kwarin ya zama tafki. Ruwan ba gudu yake ba, kwance yake abinsa, mai launin shayin da ba madara, ga rana tana haskawa a kansa. Tulin tubali duk sun zauna, na ƙasa ya narke na sama ya rufto, kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Har 'yan kifi na gani suna wucewa ta tsakanin sahu. Maza da mata suna ciki har gwiwa suna miƙo abin da ya saura hannu da hannu, kuma can a wuri mafi zurfi, ruwa har ƙugu, Baba Kimba ne da kafaɗarsa mai ciwo, tun asuba yake ciki. Abin da aka tsirar bai isa ko bango ɗaya ba.

Foman ya sauko daga kan jigawar. Sannan ya sa aka tara mutane, ya ce, "Wane ne ɗan gari a nan, wanda ya san ruwa?" Idanu suka koma kan Baba Kimba, yana tsaye ruwa na ɗiga daga wandonsa. Foman ya ce, "Baba, kai ne babba a aikin nan. Shi wannan yaro baƙo ne, ɗan tudu. Kai a bakin ruwan nan aka haife ka. Me ya hana ka gaya masa?"

Baba Kimba bai dubi Foman ba, ni ya duba. Ba da fushi ba, jira kawai yake. A wancan zamani lebura ba ya tsallake hedmansa ya yi magana a gaban babba, don haka sauran ma ni suke kallo. Magana ɗaya ce, ba ta fi numfashi ɗaya ba. Na buɗe baki, na tuna usur, na tuna mahaifina da ya gaya wa duk garinmu ɗansa ya zama shugaban aiki, sai na sunkuya ina gyara safata. Tsoro ne ya kama ni, ba wani suna da zan ba shi.

Da Baba Kimba ya ga haka sai ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwa ya zo."

Foman ya sallame shi daga aiki nan take. Tsohon ya ɗauki akwatinsa, ya wanke shi tas a cikin ruwan da ya ci mana aiki, ya jingine shi a gindin tsamiya don na hukuma ne, ya kama hanya ba tare da ya waiwaya ba.

Muka koma tudun kuka muka sake daga farko. Ba wanda ya yi mini gardama, ba wanda ya makara. Ai da ma sun zage ni, da ya fi mini sauƙi. Ladabi suka shiga yi mini. Ɗan Safa ya ɓace, sai "ranka shi daɗe", har da rusunawa, mutanen da a haife sun haife ni. In na doso rami hira ta mutu. Waƙa kuwa ba a ƙara ɗaga ta ba, sai caɓ, caɓ kawai. Da azahar a zuba mini nawa tuwon a kwano daban, a rufe da faifai, a kai mini wata inuwa can gefe, wai girmamawa. Na shugabanci mutane da yawa bayan wannan, kuma tun daga lokacin in na ga ma'aikatana sun cika yi mini ladabi, sai in koma gida in zauna in binciki kaina.

Kwana takwas ina cin tuwo ni kaɗai. Ran na tara Gwaggo Hajo ta zo ɗaukar kwano, ta buɗe ta ga ko rabi ban ci ba. Ita ba ta san rusunawa ba, ta goyi hakimai biyu a bayanta, in ji ta. Ta zauna a kan saiwar itace ta miƙe ƙafa.

"Ɗan nan, miyar ba ta yi maka ba?"

"Ta yi, Gwaggo."

"Awo, ta yi. Ka ji waƙar da yara ka yi bakin gulbi?"

Na ce ban ji ba. Ta ce to wai Kimba ya tsufa, gulbi ya zo har bayan ɗakinsa ya yi sallama bai ji ba. Masunta ma sun ɗauka, jirage sun kai labarin sama da ƙasa. Leburanmu sun yi ta faɗin gaskiya a gari, amma mutane suka ce in ba shi da laifi don me aka kore shi aka bar hedman? Ranar da wani sa'an jikansa ya tambaye shi a gaban jama'a ko a nuna masa inda gulbi yake, washegari ya ɗaure tabarmarsa ya ƙetare Faransa wurin 'yarsa.

Ta ce, "Ba aikin ad damuwatai ba, ɗan nan. Tsoho, loma nawa za shi ci? Abu guda garai duniya, a ce Kimba ya san ruwa. Shi kak karɓe." Ta ɗauki kwanonta ta tafi.

Washegari na hau keke sai Bagudo. Na tarar da Foman a ofis, na tsaya a gaban teburinsa na faɗa masa komai, har maganar duban ciyawa, har gargaɗin ranar Laraba. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi. Na ɗauka korata zai yi. Sai ya ce, "Ni ma da nawa laifin. Na yanke hukunci a kan tsoho ban tambayi kowa ba." Ya ce zai rubuta abin a fayil ɗina, in manta da ƙarin girma na wasu shekaru, amma ba zai cire ni ba, ni na ɓata ni zan gyara. Ya zauna da kansa ya buga takarda a keken rubutu, cewa Kimba ba shi da laifi kuma an mayar da shi bakin aikinsa, ya sa hannu ya danna hatimi. Allah ya saka wa mutumin nan da alheri duk inda zuriyarsa take. Na fito ina jin kaina wasai. Kai, har wani alfahari na ji, wai ni jarumi, na faɗi gaskiya. Ka ji ɗan adam.

Iyaka a lokacin wani guntun ƙarfe ne a cikin daji, awaki na soshe jikinsu da shi. Ba shinge, ba mai tambayarka takarda, ba wannan jerin babura da jarkoki da ake yi yanzu. Ka bi turba kawai, in ka ji gaisuwa ta fara yawaita da Dendanci ka san ka shiga. Na isa ƙauyen 'yarsa da la'asar, na same shi a rumfa yana gyaran taru. Ya tashi ya tarbe ni kamar ba abin da ya faru, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen aiki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ya sa aka kawo mini fura. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komi. Sannan na zaro takardar, na karanta masa da Turanci tukuna, ka ji wauta, na fassara masa da Hausa, na miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya shafa hatimin da yatsa, ya miƙo mini.

"Wagga takarda, wa za shi karanta ta?"

"Akwai irinta a ofis, Baba, a cikin fayil. Ba za ta ɓace ba."

"Masuntan da sunka yi mani dariya, sun iya boko?"



Ya ce, "Gaban mutane anka kore ni, ɗana. Cikin ɗaki kaw wanke ni, kai da Foman, da ƙyaure a ruhe."

"To me zan yi, Baba?"

"Ban ce ka yi komi ba. Sha hurarka."

Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan zancen ba. Ya rako ni har bayan gari, muka yi sallama. A kan turbar komawa ne na gane abin da yake nufi. Daga baya an tura ni kwasa-kwasai, Kaduna, Ibadan, an koya mana shugabanci a allo da alli, na yi shekara talatin da wani abu ina riƙe da ma'aikata, direbobi, magina, akawuna. Ban raina karatun ba, ya amfane ni. Amma ba malamin da ya taɓa tsayar da ni inda tsohon nan ya tsayar da ni, da tambaya biyu da ƙwaryar fura. Yanzu ina jin in shugaba ya ɓata wa na ƙasa da shi suna a gaban taro, sai ya kira shi a waya daga baya ya ce a yi haƙuri, shi ke nan an wuce wurin. Haba! Ai wanda aka zubar wa mutunci a kasuwa, ba a waya ake kwashe masa ba.

Na aika wa Baba Kimba da wani mai jirgi cewa don Allah ya zo ran kasuwa, ban kuma san ko zai zo ba. Ranar na je wurin mai shela na ƙauyen, wani dogo mai 'yar ganga a hammata. Ya ce me za a faɗa wa jama'a? Na ce kai dai buga ganga, ni zan yi maganar. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce shi tun da ya gaji aikin nan bai taɓa ganin haka ba. Kasuwa ta cika maƙil da hantsi, Fulani da nono, Dendawa da kifi, mutanen ƙetare da gishiri da atamfa. Can kuma wajen masu hatsi na hango jakunan mutanen garinmu sun kawo gero, na san kafin magaribar gobe labarin zai isa kunnen mahaifina. Saura kaɗan in juya. Ganga ta riga ta tashi. Aka kifa mini turmi na hau, mutane suka taru suna zaton maganar haraji ce ko lambar rigakafi.

Na ce, "Jama'a, ni ne hedman na aikin ɗakin magani. Tubalin da ruwa ya ci, ni na ce a buga shi a kwari. Baba Kimba ya hana ni tun ranar farko, na yi masa rashin kunya. Ya sake gaya mini kwana uku kafin ruwa ya shigo, na ƙi ji. Da Foman ya tambaya na ji tsoro na yi shiru, aka kore shi a kan laifina. Kimba ya san ruwa. Ni ne ban sani ba."

Sai wata mai tallan daddawa ta ce, "La ilaha, ashe boko ma na tuba!" Aka fashe da dariya, ni kuwa gumi har cikin takalmi. Zan sauka ke nan na ji wata murya daga wajen masu ƙorai.

"Ba a ji ba!"

Baba Kimba ne, zaune a kan buhu, ya ja malafa ta rufe masa fuska. Tun ɗazu yana nan. Ya taso a hankali ya zo gaban turmin.

Ya ce, "Masunta na can ƙasa bakin jirage, ɗana. Ganga ba ta kai can."

To, me ya rage? Na sauko. Mai shela a gaba yana bugawa, ni a bayansa, Baba Kimba a bayana, rabin kasuwa na biye da mu har da leburana da Gwaggo Hajo, muka gangara bakin gulbi. Masunta na zaune a kan jiragensu suna raba kifi. Na tsaya a bakin ruwa na sake faɗi tun daga farko, ban rage ko harafi ba. Da na gama ba wanda ya yi dariya. Kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da igiya, don su ma sun san abin da bakinsu ya faɗa.

Can sai babban masuntan, wani dattijo mai ido ɗaya, ya ajiye wuƙarsa ya miƙe. Bai ba da haƙuri ba, bai ko dube ni ba. Ya gyara murya ya ce, "Kimba, wanga ruwa, yaushe za shi fara ja? Muna son mu kafa tarunmu bakin ƙorama."

Baba Kimba ya tuɓe malafarsa ya miƙo mini in riƙe. Ya tsuguna a bakin gaɓa, ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya duba, ya bar shi ya zube, ya daɗe yana kallon tsakiyar gulbi. Mutum ya fi ɗari a wurin, ba mai tari.

Ya ce, "Ku bari watan gobe shi kwana goma."

Dattijon ya ce, "Kun ji," ya juya wurin mutanensa suka shiga shawarar wanda zai kawo turaku. Baba Kimba ya miƙe yana goge hannu a riga, na ga gemunsa na rawa. Ni na kau da kai, don nawa hawayen sun riga sun zubo a kan malafarsa.

Allah ya jiƙan Baba Kimba, ya haskaka makwancinsa, ya sa na gode masa ta inda zai ji. Da ya karɓi takardar nan ya dawo aiki shiru, da na tsufa ina zaton na biya shi. Watan kuwa yana cika kwana goma, ruwan ya fara ja.